Kwanon Sulhun Yemima

Duk wanda rigimar kasuwa ta kawo shi Kafanchan a 'yan shekarun nan, kafin ya tambayi ƙofar kotu sai ya tambayi rumfar Mama Yemima. Kuma ni ake tambaya, don rumfata ce a bakin titi. Mutum zai sauko daga mota da babbar riga yana share gumi, ina murna ga mai cin abinci ya zo, har na ɗauko faranti, sai ya ce, "Madam, don Allah ina ne wurin Mama mai sulhu?" Sai in nuna masa da ludayi, ko kai ba na ɗagawa.

Wai Mama. Matar da na girme ta. Matar da na fi ta karatu, don ni na taka aji huɗu a firamare, ita kuwa a aji uku aka cire ta, ta koma korar tsuntsaye a gonar acca. Ni har yau Maman Meshak ake ce mini, ɗa ɗaya tak aka yarda na haifa, ita kuwa uwar gari ce, har tsofaffin da suka isa su haife ta Mama suke kiranta.

Akwai shekarar da cittata, noman gonar ubana na shekara guda cur, ta shiga wani sito aka rufe da kwaɗo biyu, danshi na cin ta, ruwan sama na shirin sauka, kuma duk garin nan aka rasa wanda zai buɗe ƙofar sai aka koma kan wannan mata. Labarin da zan ba ku ke nan. Amma sai kun fara sanin ko wace ce.

Daga wajen Manchok aka auro ta. Mijinta Yafet kafinta ne, mutumin da in ka gaishe shi da safe sai wajen azahar zai amsa. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, ita ma rabinta ya zube, saboda haka duk baƙon da ya shiga wurinta ina ganinsa, har da abin da ya riƙo a hannu. A wurin sana'a ma ban tsira ba. Mangwaro ɗaya muke raba inuwarsa a gaban kotu, ni da shinkafa da wake da pate, ita da tuwon acca da miyar da gishiri ya yi mata yawa. Gajeriya ce, tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a faranti, magana kuma sai ka gama tauna loma kafin ta gama jimla.

Ni dai kotu ce gonata, ba na ɓoyewa. In aka fito aka ce an ɗage shari'a, mai ƙara yana tsaki, wanda ake ƙara yana tsaki, ni kuwa ina buɗe tukunya. Shari'ar 'yan kasuwa ta fi kowace daɗi, don kowa zai kwaso shaidu daga kasuwa, kuma shaida ba ya tsayawa da yunwa. Akwai mutanen da na ciyar tun matarsu na da ciki har aka yaye yaron, maganarsu ba ta ƙare ba.

Sai ga rikicin 1987. Ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda yake garin nan ya san abin da ya gani. Da hayaƙi ya kwanta dole aka koma kasuwa, don Hausawan gari su ke da sikeli da sito da manyan motoci, mu kuma mu ke da citta da masara da acca, babu mai iya cin nasa shi kaɗai. Amma zuciya ba ta koma ba. Ƙaramin abu ya haɗa mutum biyu, wannan ya ce sai kotun alƙali, wancan ya ce sai ta majistare, kowa yana ganin ɗaya kotun ta su wancan ce. Ƙararraki suka yi yawa, ni kuma na ƙara benci.

Cikin masu cin abincina a lokacin akwai Mero mai gishiri da Scholastica mai manja. Rumfunansu na jere a kasuwa. Scholastica ta yi sabon rufin kwano, ya karkata wajen Mero, duk ruwan da aka yi sai ya zuba a buhunan gishiri. Mero ta kai ƙara. Damina ta wuce, wata ta kama, suna zuwa kotu, suna zama a wurina, wannan a bencin dama, waccan a na hagu, suna hararar juna suna neman ƙari. Ran nan shinkafata ta ƙare da wuri, yunwa ta tura su wurin Yemima, ita kuwa benci ɗaya gare ta. Kuma kwanoninta duka suna cikin ruwan wanke-wanke sai guda. Ta zuba musu tuwo a wannan gudan ta ajiye a tsakiya. Yanzu in kun ji ana cewa cin abinci a kwano ɗaya hikima ce Allah ya ba Mama Yemima, ni ina wurin, ƙiwar wanke-wanke ce.

Yunwa ta sa suka ci. Suna cikin ci Yemima ta ce, a hankalinta ɗin nan, "To shi ruwan, in ba kan gishiri ba, ina kuke so ya je?" Washegari Yafet ya tafi da guduma ya sa indararo a bakin rufin Scholastica, ya kai ruwan cikin wani duro a bayan rumfunan, su biyun suna ɗiba suna wanke mudu. Suka janye ƙara. A rana ɗaya na rasa mata biyu da shaidunsu duka.

Daga nan abin ya kama kamar ƙaiƙayi. Masu faɗa kan wurin ajiye buhu, direba da mai kaya, dillali da dillali a kan abokin ciniki, kowa sai rumfar Yemima. Ba ta haɗa su tun farko. Yau ta zaunar da wannan, ta miƙa masa faifan gyaɗa ya ɓare mata yana ba da labarinsa, gobe ta zaunar da wancan ya tsinke mata yakuwa. Na ga manyan alhazai da ganye a cinya suna rantsuwa ƙasa-ƙasa, don ta ce mutum ba ya iya ihu hannunsa na aiki. Ba ta taɓa tambayar wa ya yi ƙarya ba. Tambayarta ita ce, "Baɗi kana so ka sake ciniki da shi, ko kun rabu ke nan?" In duka sun ce suna so, sai ta haɗa su a benci, a yi magana, a ƙarshe ta kawo kwanon. Duk abin da aka yarda da baki ba ya tsayawa sai kowa ya ci daga cikinsa. In ɗaya ya tashi bai ci ba, magana ta mutu, kuma Yemima ba ta zama kan magana ɗaya sau biyu, ko wa zai roƙe ta. Kasuwa ta san haka, shi ya sa ake tsoron tashi.

Wai ba ta karɓar ko sisi. Gaskiya ne, ban taɓa gani ba. Amma ku zo ku tsaya a inda katangarmu ta zube ku ga doya, ku ga kaji da ƙafa a ɗaure, ku ga manja a galan. Matar da zaninta na coci guda ɗaya ne tun aurenta, sai ga ta tana sauya ɗankwali duk Lahadi. Har wani lauya ya fara turo mata ƙananan maganganu, ya ce su je su gwada wurin Mama, in ya ƙi su dawo. Ni kuwa sabon bencin da na ƙara, awaki suka mai da shi wurin barci. In ta wuce da safe sai in ce, "Ranki ya daɗe alƙaliya, yau wa za ki ɗaure?" Ta ce, "Ina kwana, Maman Meshak." Shi ke nan. Ko faɗa ba ta iya ba, balle mutum ya huce.

To, ga maganar citta. A 1991 ne. Baba Gregory tsoho ne a ƙauyenmu, shi ke tattara cittar gidaje bayan an tsaga ta an shanya a kan duwatsu, ya kawo wa Alhaji Ƙasimu a gari. Uban Alhaji da uban Gregory haka suka yi ta yi tun kafin a haife ni. A wannan shekarar ma an kawo, an jera a siton Alhaji ana jiran mota, buhunana suna ciki, da su nake shirin sauya kwanon ɗakina da ke yoyo. Sai mai saye daga kudu ya soka hannu a wani buhu ya ji danshi, ya ce ba ya so. Alhaji ya ce manoma ne suka yayyafa ruwa don ta yi nauyi a sikeli. Gregory ya ce daɓen siton ne ke tsotso ruwa daga ƙasa. A tsakiyar kasuwa kalmar ɓarayi ta fita daga bakin wani, har yau ana musun na wa. Alhaji ya sa kwaɗo a ƙofar. Gregory ya je ya sayo nasa ya ƙara a kai. Aka tafi kotu, aka ɗage sai bayan Sallah, alhali azumi ma bai daɗe da kamawa ba.

Citta mai danshi a ɗaki rufe, ga zafin bazara. In ka bi ta bayan siton kana jin warin fumfuna ya fara fita ta taga. Rufin ma yana da huji, kuma kullum da yamma hadari na taruwa ta wajen duwatsun Kagoro. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa a kwashe komai a zubar.

Matan ƙauye suka je suka zauna a ƙofar Gregory, ƙannen Alhaji suka tasa shi gaba, har su biyun suka yarda a je wurin Yemima. Ni kuwa na shiga tsaka. In ta yi nasara, kanta ba zai ƙara shiga ƙofa ba. In ta kasa, cittata ta ruɓe. A coci na durƙusa na ce, Ubangiji, ka fitar mini da cittata, amma in da hali, ba ta hannun Yemima ba.

Ta ji kowa daban kamar yadda ta saba. Gregory ya ɓare gyaɗa, Alhaji ya tsinke ganye da azumi a bakinsa. Sannan ta sa ranar haɗuwa Jumma'a bayan la'asar, don kwanon ya zo daidai da shan ruwan Alhaji. A gida ta yi girkin, Yafet ya ɗauko a kai, an rufe da farin ƙyalle. Jama'a suka cika gindin mangwaro, mutanen Alhaji a gefe, manoma a gefe. Na ja kujerata har bakin iyakar rumfata, tukunyar patena da bai ƙare ba tana bayana.

Alhaji ya zauna a wannan bakin bencin, Gregory a wancan, tsakaninsu mutum uku za su iya zama.

"Ni ba ɓarawo ba ne," in ji Gregory, yana kallon titi. "Na tsufa da yayyafa ruwa."

"Ni ma sitona ba rijiya ba ne," in ji Alhaji.

Yemima ta bar su suka yi ta yi har suka gaji. Sannan ta ce, "Baba, Alhaji, ni ban ga cikin ɗakin nan ba, ku ma rabonku da shi an daɗe. Cittar kuwa tana ciki, ita ta san inda ruwa ya same ta. A buɗe, a sauke buhu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Wanda yake kwance a daɓe, in ta gindinsa ya jiƙe, asarar ta Alhaji ce. Wanda yake sama bai taɓa ƙasa ba, in aka sami danshi a cikinsa, asarar ta manoma ce. Sauran a sake shanyawa a sake aunawa. Kuma duk abin da aka gani, ba a kiran kowa ɓarawo, ba yau ba, ba baɗi ba."

Gaskiya maganar ta zauna, ko ni na ji haushin yadda ta zauna. Alhaji ya ce in a kan sikelinsa za a auna ya yarda. Gregory ya ce sikelin Alhaji amma idon manoma. Aka ɗan ja, aka daidaita. Kowa ya zaro mabuɗinsa ya ajiye a kan bencin. In sun ci, Yemima za ta ɗauki biyun, da safe a buɗe.

Aka kira sallah. Alhaji ya sha ruwa, ya ci dabino, ya je ya yi magariba da mutanensa ya dawo. Aka kawo ruwan wanke hannu. Yemima ta ajiye kwanon a tsakiya ta yaye ƙyallen. Tuwon acca ne fari tas, da miyar kuɓewa, naman akuya ya yi tsiri a kai.

Ina ganin naman dariya ta taso mini har maƙogwaro. Sai na tuna da buhunana, ta koma.

Gregory ya dubi kwanon, ya dubi Yemima. "'Yata, yau wace rana ce?"

"Jumma'a, Baba."

"A wane lokaci?"

Ba ta gane ba. Ni na sani, don ni ma 'yar Katolika ce kamar Gregory. Muna cikin azumin Lenti, kuma ranar Jumma'a a Lenti ba ma taɓa nama. Su Yemima a cocinsu ba su da wannan, abin bai ko faɗo mata ba.

"Alhaji," ta ce da sauri, don ta ga ya ɗaga gira, "yankan mahaucin unguwarku ne, Yafet ya tsaya a kai."

"To kin ji," in ji Gregory. "Kin san azuminsa. Kin jira masa rana ta faɗi. Kin aika har unguwarsu neman wanda zai yanka masa. Ni da muke ɗaukar Littafi ɗaya da ke, nawa azumin ba azumi ba ne."

"Baba, a gafarta mini. Bari in tsame naman."

"Ki tsame shi daga miyar da ya dahu a ciki?"

Alhaji ya riga ya wanke hannu, ruwa na ɗiga daga yatsunsa, yunwar yini guda na kallon kwanon. Bai gane zancen ba, ya ɗauka dabara ce. "Ka faɗi gaskiya, Gregory. Ba ka son haɗa kwano da ni ne. Ubana ya ci da ubanka, amma kai ka fi ƙarfin haka."

Mutanensa suka fara guna-guni. A gefen manoma wani ya ce dama an shirya ne don a kunyata tsoho. Gregory ya miƙa hannu ya ɗauki mabuɗinsa, ya fara laluben sandarsa. In ya miƙe daga bencin nan, kowa ya sani, sai bayan Sallah. Iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, ganyen mangwaro ya zubo a kan mutane.

Yemima ta ce, "Baba, kafin ka tashi, bari in je nan in dawo." Ta juyo, ta nufo ni da tafiyar nan tata, duk idon jama'a na bin ta.

"Maman Meshak, patenki ya saura?"

Shekara nawa ina jiran ranar nan. Na gyara zama, na ɗora ƙafa kan ƙafa. "Wane pate, ranki ya daɗe? Mu ƙananan mutane ai ba a cin namu a babbar kotu."

"Da nama a ciki?"

"Yau Jumma'a ce. Wasu sun sani, ko da ba a kiransu Mama."

"Ki ba ni."

"Haka ake roƙo a Manchok?"

Na ɗauka za ta yi jim, ta haɗiye yawu, in ga abin ya yi mata ciwo. Ina! Sai ta ɗan rusuna a gaban kowa ta ce, "Ina roƙonki, yayata, ki taimake ni, na yi kuskure." Ta faɗe shi kamar mai tambayar kuɗin mota. Abin bai ci mata komai ba, ni kuma ban sami komai ba. Na so in ƙara jan ta, sai aka yi walƙiya can wajen duwatsu. Na tashi na sauke tukunyar da kaina.

Paten tsaki ne da yakuwa da gauta da gyaɗa, ya ɗan huce ya yi kauri. Ta kawar da tuwon, ta juye pate a wani kwano, ta sa cokali biyu. Gregory ya leƙa, ya juya da cokali, ya ga babu komai sai ganye, ya ajiye sandarsa. Sai kuma Alhaji ya ja baya.

"Tsaya tukuna, Mama. Naki girkin na san shi. Wannan tukunyar fa, me aka saba dafawa a ciki? Kin gane abin da nake nufi."

"Alhaji," in ji Yemima, ko murmushi babu, "tun kafin rikici muke maƙwabtaka da ita. Tukunyar nan ko ƙafar kaza ba ta taɓa gani ba, balle abin da kake tsoro. Kullum Jumma'a ce a wurin Maman Meshak."

Gindin mangwaro ya fashe da dariya. Hausawa na yi, manoma na yi, har Yafet na ga haƙoransa ranar. Wani daga cikin masu cin abincina ya ɗaga murya ya ce shi shaida ne. Na ce masa gobe ya zo ya ga wanda zai zuba masa. Gregory yana dariya har da tari, Alhaji ya buga masa baya, kuma don ya kai hannu bayan sai da ya matso tsakiyar bencin.

"Ashe da gaske kai ma azumi kake?" in ji Alhaji.

"Da wasa kake tsammani?"

"Wane irin azumi ne ake cin tuwo da rana tsaka?"

"Ya fi wanda ake ramawa da dare har ciki ya hana mutum ruku'u."

"Kai, tsohon nan! Ci mana, ni yunwa za ta kashe ni."

Gregory ya mai da mabuɗinsa kan bencin, ya yi alamar gicciye. Alhaji ya yi bismillah. Suka sa cokali. Ina tsaye ina kallo suka share kwanon, Alhaji har ya kankare gefe, amma da ya ɗago sai ya ce, "Mama, Allah ya yi albarka." Yemima ta tattara mabuɗan ta ɗaure a bakin zaninta.

Ruwan bai sauka ranar ba, iska ce kawai. Da sassafe aka buɗe siton, wari ya buge mu har sai da muka ja baya. Aka yi ta sauke buhuna ana kwancewa. Layin ƙasa duka ya jiƙe ta gindi, wasu sun yi fari da fumfuna, Alhaji ya duba ya ce nasa ne, bai yi musu ba. A can sama kuma aka sami 'yan buhuna masu danshi a ciki, na wani gida ne da suka yi gaggawar kwashewa daga kan dutse kafin ta bushe, Gregory ya ce wannan namu ne. Nawa suna tsakiya, lafiya lau, na buɗe na karya ɗaya ta yi ƙas. Muka baje sauran a filin bayan sito, rana ta yi mana kirki, aka sake aunawa, aka loda mota. Motar ba ta daɗe da fita gari ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya shiga siton ta hujin rufin ya kwanta a daɓe, babu abin da ya tarar sai tsumman buhu. Lauyoyinsu suka je suka gaya wa kotu an daidaita.

Daga wannan shekarar ne sunanta ya fita gari. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta gina mata ɗaki a bayan rumfarta, Yafet ya yi benci mai jingina. Masu citta in za su ƙulla ciniki sai su ce, in an sami saɓani, wurin Mama. Har daga Jere aka taɓa zuwa da rigimar masu doya. Yanzu kafin ta ɗora tukunya sai ta aika a tambayi kowa abin da ba ya ci da ranar da ba ya cin sa, mutane kuma suna cewa dubi hankali irin na Mama.

Da Ista ta zo, Gregory ya aiko mata da ɗan akuya, ina gani ta katanga aka shigo da shi yana kuka. Da Sallah Alhaji ya aiko da turmin atamfa da shinkafa da zabi biyu. Ni kuwa Yafet ya kawo mini tukunyata, ya ajiye a bakin ƙofa, ya juya ya tafi. Na buɗe murfin na duba ciki da kyau, har na kifa ta na girgiza. An dai wanke ta.